Taswirar Sinadaran Ƙasa: Abin da Take Nunawa da Abin da Ba Ta Gani a New Bell

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun daɗe da sanin cewa ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Manomi ya san bambancin jigawa da fadama, maginin tukwane ya san inda yumɓu mai kyau yake, maƙerin da ya san dutsen da ake narka tama daga cikinsa, makiyayi kuwa da ɗanɗano ɗaya zai gaya maka rijiyar da ruwanta ke da zartsi. Abin da ido da harshe ba sa iya faɗa shi ne yawan kowane sinadari da ke cikin ƙasar, musamman waɗanda ɗan kaɗan daga cikinsu ya isa ya arzuta gari ko ya nakasa yaransa. Wannan takarda bayani ce a kan wani aiki da masana ilimin ƙasa na duniya suka sa a gaba tun shekarar 1988, wato auna sinadaran da ke cikin ƙasa da lakar rafi da ruwa a duk faɗin duniya ta hanya iri ɗaya, a kuma zana sakamakon a taswira. Za a duba yadda ake yin aikin, da dalilin da ya sa ƙasa ɗaya ba ta iya yin sa ita kaɗai, sannan a gwada shi a kan wasu wurare da Hausawa ke zaune: Zamfara, da Tibiri ta jihar Maraɗi, da unguwar New Bell ta birnin Duwala a Kamaru.

2.0 Kalmomin Fannin

Tun da ɗaliban harshe ake wa magana, ya kamata a fara da kalmomin. Kalmar taswira da kalmar ma'adini duk daga Larabci aka aro su. Sinadari kuwa asalinsa abin da maƙeran farfaru ke amfani da shi ne wajen liƙe ƙarfe da ƙarfe, daga baya ma'anarsa ta faɗaɗa a bakin 'yan jarida da malaman makaranta har ta haɗa duk wani abu na kimiyyar haɗe-haɗe. A wannan takarda, idan aka ce sinadari ana nufin na asali, wanda ba ya rabuwa zuwa wani abu dabam, kamar zinariya da azurfa da tagulla da tutiya da farar wuta da zaiba da dalma. Waɗanda Hausa ba ta da sunansu tun da, kamar fuloraid da asenik da seleniyam, an rubuta su yadda ake furta su.

Kalmomi biyu suna bukatar a kula da su. Ta farko ita ce dalma, wadda wasu ke cewa darma. A da akan kira narkakkiyar kuza ma da wannan suna, saboda ƙarafan biyu sun yi kama, amma tun daga 2010 da kafofin watsa labarai suka riƙa cewa "gubar dalma", ma'anar ta tsaya a kan ƙarfen nan mai nauyi da laushi da ake samu a batirin mota. Ta biyu ita ce tozali ko kwalli. Sau da yawa akan fassara shi da antimoni, alhali dutsen da ake niƙawa a yankinmu galibi haɗin dalma ne da farar wuta. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka sami dalma da yawa a jininsa, aka bi diddigi aka tarar tozali ne da aka kawo daga Nijeriya, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Ke nan kuskuren fassara a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Awon da ake amfani da shi shi ne "kashi cikin miliyan". Idan aka ce ƙasa tana da dalma kashi 400 cikin miliyan, ana nufin a kowane kilo ɗaya na ƙasar akwai miligiram 400 na dalma.

3.0 Yadda Ake Haɗa Taswirar

Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Ruwan sama yana wanke duwatsu da gonaki, ya kwashi ɓurɓushinsu ya kai rafi, rafi kuma ya kwantar da su a matsayin laka. Don haka dunƙulen laka ɗaya da aka ɗebo daga bakin rafi tamkar ɗan aike ne daga dukkan ƙasar da ruwanta ke gangarowa nan. Ba sai an bi kowace gona ba. Masu aikin sukan ɗebi lakar, su tankaɗe ta da rariya mai ƙananan idanu, su ɗebi ƙasar sama da ta can ƙasa, su cika kwalba da ruwan rafin, su rubuta wurin daidai. A ɗakin gwaje-gwaje akan auna sinadarai hamsin ko fiye a kowane samfur, sannan a shafa wa taswira launi: inda sinadari ya yi yawa ja, inda ya yi ƙaranci shuɗi.

Masu neman ma'adinai ne suka fara wannan dabara, amma ba a daɗe ba aka ga tana da wani amfani. Farfesa John Webb na Kwalejin Imperial da ke Landan ya jagoranci ɗibar lakar rafi kusan wuri 50,000 a Ingila da Wales, aka buga kundin taswirorin a 1978. Taswirorin sun nuna yankunan da sinadarin molibdenam ya yi yawa, inda shanu ke ramewa domin yana hana jikinsu cin moriyar tagullar da ke cikin ciyawa, sun kuma nuna ƙauyen Shipham, wanda tsohon haƙar tutiya ya bar wa ƙasarsa sinadarin kadmiyam mai yawa. A Sin kuwa, wata cutar zuciya da aka fara lura da ita a gundumar Keshan a 1935 ta zamana tana bin wani zirin ƙasa mai ƙarancin seleniyam, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Taswira ɗaya ke nan tana yi wa mai haƙo aiki, tana yi wa likita da malamin dabbobi.

4.0 Dalilin Haɗin Gwiwa

Zuwa shekarun 1980 ƙasashe da dama sun yi tasu taswirar, kowa da irin tasa hanya. Wannan ya yi amfani da rariya mai manyan idanu, wancan mai ƙanana. Wannan ya narkar da samfurinsa da ruwan asid mai ƙarfi, wancan da mai sauƙi. Da aka zo haɗa taswirorin maƙwabta, sai launi ya riƙa canzawa daidai kan iyakar ƙasa da ƙasa, kamar dai duwatsu sun san inda shingen kwastan yake. Abin da taswirar ke nunawa a nan bambancin ɗakunan gwaji ne kurum. Kamar a ce ana cinikin hatsi tsakanin Dawanau da Maraɗi, kowa da girman tiyarsa, a kuma ce za a kwatanta farashi.

Wannan matsala ce ta sa hukumar UNESCO da Ƙungiyar Kimiyyar Ƙasa ta Duniya, IUGS, suka buɗe wani shiri mai lamba 259 a 1988, ƙarƙashin jagorancin Arthur Darnley na hukumar binciken ƙasa ta Kanada. Rahoton shirin ya fito a 1995, masana suna yi masa laƙabi da "Shuɗin Littafi" saboda launin bangonsa. Shawarar da ya bayar ita ce a raba doron ƙasa gida-gida, kamar gidajen hatimi a allon malam, kowane gida kilomita 160 a tsaye, 160 a kwance, kusan nisan Kano zuwa Zariya ke nan. Gidaje kimanin 5,000 za su rufe tudun duniya. A kowane gida a ɗebi samfur a 'yan wurare kaɗan, da kayan aiki iri ɗaya, a auna da hanya iri ɗaya. Abin da za a samu shi ake kira ma'aunin tushe, wato yadda ƙasa take a lokacin awon, wanda duk wani bincike na gaba zai jingina da shi.

Ƙa'idojin suna da tsanani har abin ya kan ba baƙo dariya. Mai ɗibar samfur ba ya sa zobe, don kada ɗan abin da ya goge daga zobensa ya sa a zaci an sami zinariya a rafin. Ba ya shan taba a wurin. Ba a amfani da shebur mai fenti. A wasu wuraren akan ɗebi samfur biyu don a ga ko za su ba da sakamako ɗaya, akan kuma hargitsa lambobin kafin a kai ɗakin gwaji, a cusa wasu samfura da aka riga aka san abin da ke cikinsu, domin idan na'ura ta fara kauce hanya a gane. Ana barin wani kaso na kowane samfur a ajiye saboda masu zuwa.

Turai ce ta fara gwada tsarin. Hukumomin ƙasashe 26 sun haɗu suka fitar da kundin taswirar nahiyar a 2005, daga wurare kimanin 800, bisa ƙa'idar wuri biyar a kowane gida. Bayan haka ƙasashe 33 suka auna ƙasar noma da ta kiwo a shirin GEMAS, wanda sakamakonsa ya fito a 2014. Amurka ta auna ƙasa a wurare 4,857, Ostareliya ma ta kammala tata a 2011. Sin kuwa, wadda marigayi Xie Xuejing ya ɗora a kan wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1970, ta kai ga auna sinadarai 76, kuma a 2016 aka buɗe cibiyar UNESCO ta wannan fanni a garin Langfang, kusa da Beijing. A shekarar ce IUGS ta ɗaga kwamitin aikin ya zama cikakkiyar hukuma, a 2022 kuma ta fitar da littafin ƙa'idojin aiki da kowa zai iya samu kyauta.

A Afirka aikin ya tafi a gutsuttsure. Afirka ta Kudu ta daɗe tana yin nata. Sauran ƙasashe yawanci sai an sami rancen Bankin Duniya ko taimakon wata hukumar waje ake auna wani yanki, kuɗi na ƙarewa aiki ya tsaya.

5.0 Minna, Zamfara da Tibiri

A lissafi, faɗin Nijeriya ya kai gidaje 36. Daga 2008 hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya, tare da takwarorinta na Birtaniya da Finland, da kuɗin Bankin Duniya, ta gwada aikin a gidaje biyu, ɗaya a yankin Minna, ɗaya a kudu maso yamma, aka kuma horar da ma'aikata da malaman jami'o'i. Wani abin da aka gano shi ne lakar rafukan yankin tana ɗauke da sinadarin zakoniyam fiye da yadda aka saba gani a wasu sassan duniya. Darasin da ke ciki shi ne ba a aron ma'aunin tushe daga Turai, domin tsofaffin duwatsun Afirka ta Yamma da zafin rana da ruwan damina sun ba ƙasarmu wata ɗabi'a tata.

Ana cikin wannan aiki, a watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, suna suma da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Da aka auna jininsu sai aka ga dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka riƙa kawo duwatsu gida suna daka su a turmi, suna niƙa su a injin niƙan hatsi, ƙura ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe. An ƙiyasta yara kimanin 400 sun rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. A wasu wuraren dalmar da ke ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da ƙa'idar Amurka ga filin wasan yara take kashi 400. Masana daga hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun nuna dalilin da ya sa abin ya yi muni haka: ruwa da iska sun riga sun sauya dutsen dalmar zuwa wani nau'i da ke saurin narkewa a cikin ciki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, kuma Bagega ba ta sami wannan aiki ba sai 2013. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Shin taswira za ta hana wannan? A gaskiya samfur biyar a gida mai faɗin murabba'in kilomita 25,600 ba zai ga tsakar gida a Bagega ba. Abin da taswira mai ɗan yawan samfura za ta iya nunawa shi ne cewa a wannan yanki zinariya da dalma tafiyarsu ɗaya, kuma wannan labari, in ya kai kunnen hakimi da malamin asibiti da masu haƙar kansu, ya isa ya sa a hana daka dutse a cikin gida. Sanin da ya tsaya a ofishin ma'adinai bai kai ofishin lafiya ba, amfaninsa rabi ne.

Misalin Tibiri ya nuna ɗaya fuskar, inda ba wanda ya haƙo komai sai ruwa. Daga tsakiyar shekarun 1980 garin ya shafe shekaru fiye da goma yana shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi wadda fuloraid ɗinta ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 1.5 a lita, sau uku ko fiye. Ruwan garau yake, ba wari ba ɗaci. Dubban yara suka tashi da haƙora masu tsatsa, ɗaruruwa da lanƙwasassun ƙafafu. An sami irin wannan matsala ta fuloraid a kwarin Mayo Tsanaga da ke yankin Marwa a arewacin Kamaru.

6.0 Kamaru da Birnin Duwala

Kamaru ta san illar abin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos ya saki iskar kabon da ta taru a ƙasansa, ta gangara kwari ta kashe mutane fiye da 1,700 da dubban shanu, shekara biyu bayan tafkin Monoun ya kashe mutum 37. Masana daga Faransa da Japan da Amurka da Kamaru ne suka haɗu suka auna ruwan, daga 2001 kuma aka fara kafa bututun da ke fitar da iskar a hankali. Wannan haɗin gwiwa ne da ya yi aiki, ko da yake sai da aka yi asara aka fara shi.

Ta fuskar ma'adinai kuwa, an daɗe ana cewa kashi 40 cikin 100 na ƙasar kawai aka bincika. Shirin PRECASEM, wanda Bankin Duniya ya ba da kuɗinsa, ya haɗa hukumar BRGM ta Faransa da GTK ta Finland da wani kamfanin Kamaru, suka ɗebi samfura kimanin 18,000, a 2019 gwamnati ta ba da sanarwar gano alamun ma'adinai a sababbin wurare kusan 300, a jihohin Gabas da Adamawa da Arewa da Yamma da Tsakiya. Ba abin mamaki ba ne ƙasa ta ɗokanta da irin wannan labari. Masana'antar sanholo da ke Edea, wadda ta fara aiki a 1957, ta shafe shekaru da dama tana shigo da garin da take narkawa daga Gini ta tashar jiragen ruwan Duwala, alhali ga tarin dutsen sanholo kwance a Minim-Martap da Ngaoundal a Adamawa. Sai dai samfuran nan 18,000 an auna su ne da niyyar jawo masu zuba jari. Lambobin da ke nuna zinariya suna tafe da lambobin asenik da dalma na wuraren, kuma a ganina ma'aikatar lafiya tana da haƙƙi a kansu daidai da ma'aikatar ma'adinai, balle a yankuna irin su Betare-Oya da Batouri, inda masu wankin zinariya ke amfani da zaiba.

Yanzu a dawo Duwala. Faɗin Kamaru bai kai gidaje 20 ba a tsarin Darnley. Da za a ɗora gida ɗaya a kan birnin, zai haɗiye shi duka, ya haɗa da Edea da Buea da Dutsen Kamaru mai aman wuta. Bugu da ƙari, ƙa'idar aikin ta ce a nisanci birane da masana'antu da manyan hanyoyi, domin ana neman yanayin ƙasa ne na gama-gari. Wato da gangan taswirar duniya take kauce wa New Bell, unguwar da ke cikin mafi cunkoso a ƙasar.

Tarihin unguwar yana da alaƙa da ƙasar da take kai. A 1913 da 1914 Jamusawa suka ƙwace filayen bakin kogin Wouri daga mutanen Duala, suka ware musu wani wuri can baya da suka kira Sabuwar Bell, suka bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsa da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi adawa da wannan, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. A zamanin Faransawa zuriyar Bell suka zauna a Bali, New Bell kuwa ta zama ta baƙi: Bamileke da Bassa da Hausawa da sauransu, har wani sashe nata ake kiransa New Bell Haoussa. Fatake sun iso nan da kayan arewa, ciki har da kanwa, wadda ita ma ma'adini ce daga ƙasar Manga da gefen Tafkin Chadi. Kalmar kanwa ta zauna daram a bakin mutanen kudancin Kamaru, da ita suke haɗa manja da ruwa a miyar achu.

Ƙasar da aka tura mutane kanta shimfiɗaɗɗiya ce, yashi da laka, wani ɓangaren fadama. Duwala tana samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, ninki huɗu na abin da Kano ke samu, ruwan ƙasa kuma yana kusa ƙwarai, ta yadda ɗan haƙa kaɗan ya isa a sami rijiya. Inda filin gida ya yi ƙanƙanta, rijiya da masai sukan zama maƙwabta, yashi kuma ba ya tare komai. A 2004 cutar kwalara ta kama dubban mutane a birnin, New Bell na cikin wuraren da abin ya shafa. Kwalara ƙwayar cuta ce, awon sinadarai ba ya ganin ta, amma yana ganin abokin tafiyarta, wato naitaret, wanda idan ya haura miligiram 50 a lita a ruwan rijiyar cikin gari yakan nuna cewa masai ko bola na tsiyaya ciki. Binciken da aka yi a rijiyoyin birnin ya kuma nuna ruwansu yana da ɗan tsami a ma'aunin kimiyya, irin wannan ruwa kuwa ya fi saurin narkar da ƙarafa.

Dalmar cikin gari tana da hanyoyi da yawa, ba ɗaya da ta shafi dutsen da ke ƙarƙashi. Akwai ta man fetur: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, bisa yarjejeniyar da suka yi a Dakar a 2001, amma wadda motoci suka riga suka fesa ba ta ruɓewa, tana nan a ƙurar bakin hanya. Akwai ta tsofaffin batura da ake fasawa a garejin unguwa. Akwai ta fenti, wanda Kamaru ta sa wa iyaka ta kashi 90 cikin miliyan a 2017, bayan wata ƙungiya mai suna CREPD da ke Yawunde ta auna fentin kasuwa. Ƙungiyar ce kuma, tare da masana daga Amurka, ta nuna a 2014 cewa tukwanen sanholo da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe suna iya sakin dalma a abinci. Sai tozali, da farar ƙasar da masu juna biyu ke ci, wadda a Kamaru ake kira kalaba, ita ma an sha samun dalma a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, kuma illar ta fi yawa a ƙwaƙwalwa, inda ba a ganin ta sai yaro ya shiga makaranta.

To, mene ne amfanin taswirar duniya ga mazaunin New Bell, tun da ba ta shiga unguwarsa? Amfaninta shi ne ta ba da abin kwatance. Idan ɗalibin Jami'ar Duwala ya auna ƙurar wata makarantar allo ya sami dalma kashi 300 cikin miliyan, lambar ba ta ce komai ba tukuna. Sai an san abin da lakar Wouri da Dibamba da Mungo ke ɗauke da shi can sama, kafin su iso gari, sannan za a iya cewa wannan daga dutse yake, wancan kuma aikin mutum ne. Idan ba wannan, mai masana'anta a Bassa ko Bonaberi zai iya cewa haka Allah ya yi ƙasar, ba kuma mai hujjar ƙaryata shi. Haka kuma sai ɗalibin ya bi ƙa'idojin da kowa ke bi kafin a yarda a ajiye lambarsa kusa da ta Legas ko ta Landan.

Birane suna bukatar tasu taswirar mai ƙananan gidaje, kuma an yi irinta. Hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya ta ɗebi samfur huɗu a kowane murabba'in kilomita na Landan, fiye da 6,000 gaba ɗaya, ta fitar da sakamakon a 2011, aka ga dalma ta fi taruwa a tsofaffin unguwannin tsakiyar gari. A Norway, awon ƙasar birnin Trondheim da wasu birane ya kai ga gwamnati ta sa aka bincika filayen wasa na makarantun renon yara a manyan biranen ƙasar, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa aka zuba mai tsabta. A ma'aunin Landan, 'yan ɗaruruwan samfura sun isa su rufe tsakiyar Duwala, har da New Bell da Bali da Akwa. Akwai kuma na'urar hannu mai aiki da hasken eksire wadda ke faɗin yawan dalmar ƙasa cikin minti ɗaya ko biyu, irinta aka yi amfani da ita gida-gida a Zamfara.

Abin da ya fi na'ura wuya shi ne isar da sakamakon. Rahotannin irin wannan aiki da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta su, da lambobi da alamomin kimiyya, alhali wadda ke share tsakar gida, take sa wa jariri tozali, take ɗebo ruwan rijiya, mai yiwuwa Hausa ko Fulatanci ko Pidgin take ji. A Zamfara sai da aka bi ta hannun sarakuna da limamai, aka yi wa iyaye bayani da Hausa, kafin aka fitar da injinan niƙan dutse zuwa bayan gari. Ɗalibin da zai yi aikin fassara a wannan fanni zai tarar har yanzu masu fassara ba su tsaya a kan kalma ɗaya ba ga abin da aka kira ma'aunin tushe a nan, kuma dole ya nemo yadda zai gaya wa uwa cewa ruwa mai haske da daɗin sha yana iya lanƙwasa ƙafar ɗanta, ba tare da ta koma shan na kududdufi ba.